Ƙugiyar Geron Talatu

Akwai wata darbejiya a Daura, bakin titin da motocin Baure ke bi, wadda ta raba inuwarta biyu: rabi ga shagon kayan gyaran babur na Sylvanus, rabi ga wani benci da ya girmi shagon. A kan bencin nan Malam Kalilu ke zama bayan azahar, hula a kan gwiwa, ido rabi a rufe. Baƙo zai ce barci yake yi. 'Yan unguwa sun san karatu yake, takarda ce kawai babu. Shi mutum ne da ke ganin haruffa a ko'ina. Akuya ta ɗaga wutsiya, ya ce ga ƙ. Tsohuwa ta wuce da sanda mai lanƙwasa, ya ce ga ɗ za ta kasuwa. Shi ya sa ake ce masa Mai Ƙugiya. Sylvanus kuwa Mai Kugiya yake cewa, don shekararsa talatin da 'yan kai a Daura, Hausa ta zauna a bakinsa daram, amma ƙ ta ƙi shi. Ɓ ba ta ba shi wuya ba, ya ce tana da 'yar uwa a harshensu na can kudu. Ɗ ta ci masa shekara goma. Ƙ kam har gobe.

Asalin Kalilu garin Babban Mutum ne, a ƙasar Baure, can kusa da iyaka. Mahaifiyarsa, Inna Talatu, tana da 'yar gayauna a bayan gida, inda take shuka wani gero da ta gada wajen kakarta. Gajere ne, bai wuce ƙirjin namiji ba, zangarniyarsa siririya, ƙwayarsa da duhu-duhu kamar hadarin gabas. Abin da ya fi shi ne sauri. Lokacin da damina ta yi tsaka, rumbuna suka koma sai ƙura da gizo-gizo, geron kowa yana ta yanga da ganye, nata ya riga ya nuna. Sai ta karyo ta gasa tumu, maƙwabta su shigo wai gaisuwa suka zo. Sunan geron Ƙare-yunwa.

Kalilu bai zauna noma ba. Ya koyi tafireta a Daura, hannunsa ya yi sauri, sai ya samu aiki a wata cibiyar adana irin shuka a Kaduna. A nan ya fara ganin babbar na'ura. Ba irin kwamfutar da ake sa wa a jaka yau ba. Wannan ɗaki guda ta ci, akwatuna tsaye kamar rumbunan ƙarfe, tef yana juyawa a bayan gilashi, ga sanyi har sai mutum ya sa rigar sanyi a tsakiyar bazara. Ma'aikatan cibiyar suna yawo ƙauyuka suna karɓo iri wajen manoma, su zuba a ambulan, su ba shi lamba, su kai ɗakin sanyi. Ambulan ba ya ɗauke da komai sai lambar. Sunan irin, da sunan wanda ya bayar, da ƙasar da aka samo shi, duk a fom suke, fom ɗin kuma Kalilu ne ke buga shi cikin na'ura, shi da wani saurayi siriri mai yawan dariya, Sylvanus.

To, na'urar nan Turanci ta sani. Babu ƙ a madannanta, babu ɗ, babu ɓ. Shugaban sashen ya ce a buga kawai, ai ana ganewa. Kalilu ya kwana uku abin yana cin ransa. Yaya za a ce ɓawo ya zama bawo, ƙwarya ta zama kwarya, sunan mutum a yanke masa kunne a ajiye shi shekara da shekaru? Sai ya duba gefen madannan, ya ga wasu alamomi uku zaune ba mai taɓa su. Ɗaya c ce da sanda a cikinta, ¢, ya ba ta aikin ƙ. Ɗaya kamar fartanya a kwance, ¬, ya ce ke ce ɗ. Ɗaya sanda ce tsaye, |, ta zama ɓ. Bai rubuta wannan a littafin kowa ba. Sylvanus kaɗai ya gaya wa, don su biyu ne ke bugawa. Da Sylvanus ya ce shi fa ba ya jin bambancin, kuma rabin masu cike fom ba sa sa ƙugiyar, sai Kalilu ya ba shi dabara.

"Ka tambaye ni. In ba na nan, ka ɗora yatsa a maƙogwaronka ka faɗi kalmar. In maƙogwaron ya yi tsalle, akwai ƙugiya."

A kakar 1982 motar cibiyar ta biya ta Babban Mutum, Inna Talatu ta damƙa musu Ƙare-yunwa cikin tafin hannu ɗaya, ta ce su gaida ɗanta. Bayan nan aka yi fari. Mutane suka ci abin da ke rumbu, suka ci na shuka, da ruwa ya dawo sai aka shuka abin da aka samu. Inna Talatu ta rasu ba ta sake ganin geronta a tsaye ba. Kalilu ya bi ƙauyuka har tsallaken iyaka yana tambaya, kowa ya ce ya san shi, ba wanda ke da shi. Daga baya aka rage ma'aikata a cibiyar, ya dawo Daura ya kama 'yar gona. Sylvanus ya biyo shi, don Kalilu ya gaya masa babura sun yi yawa a garin, kayan gyara sun yi kaɗan. Labari ya riƙa zuwa cewa wuta ba ta zama a ɗakin sanyin nan, sai Kalilu ya sa wa ransa cewa tafin hannun nan ma ya mutu.

Amma a kan benci, in iska ta kaɗa darbejiyar, yakan gan shi. Gayauna ce, sai dai kowace zangarniya koren harafi ce irin na gilashin tsohuwar na'ura, tana ƙyalli tana rangaji. Inna tana tsakiya da ƙwarya, tana tsinkar haruffan ɗaya-ɗaya. Yakan buɗe baki ya tambaye ta ina ta ɓoye irin, sai wani babur ya wuce, gayaunar ta watse.

Wata rana a bazarar bara, zafi ya kai inda ƙadangaru ma suka daina gudu, wata mota ta tsaya gaban shagon. Mace ta fito, za ta yi shekara arba'in, da jaka a kafaɗa. Ta yi sallama ta ce, "Baba, don Allah nan ake samun Malam Kalilu na Babban Mutum?"

Sylvanus ya leƙo daga bayan tayoyi. "In sammaci kika kawo, ya yi tafiya. In goro ne, ga shi nan yana barci."

"Ba barci nake ba," in ji Kalilu, bai ko buɗe ido ba.

Ta durƙusa ta gaishe su. Sunanta Firdausi, 'yar Dutsi ce, ita ke kula da kwamfutocin cibiyar nan ta Kaduna yanzu. A bangon wani tsohon rajista ta ga sunayen masu bugawa biyu, ta yi ta tambaya har aka kwatanta mata darbejiyar nan. Aka ba ta gefen benci da ruwan randa, ta faɗi abin da ke tafe da ita.

Cibiyar za ta kashe babbar na'ura, jikanyar wadda suka sani. An kwashe bayanan da ke cikinta an juye su a sababbin kwamfutoci, sunaye dubu tara da wani abu suka wuce lafiya. Ɗari uku da goma sha biyu suka fito da wasu alamomi a tsakiyarsu, sabuwar kwamfuta ta ce sun lalace, ta ƙi karɓa. Ga shi kuma a ƙarshen wata za a rufe ɗaya daga ɗakunan sanyi biyu, wuri ya yi kaɗan, an yanke cewa duk ambulan da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba za a ɗauke shi ba.

Kalilu ya buɗe ido duka biyu. "Ɗakin sanyin yana nan?"

"Yana nan, Baba. Ya sha wuya, amma yana nan."

Ya sa hularsa. Bai ce komai a kan Inna ba tukuna.

Ta buɗe laftof a kan cinyarta ta juyo masa. Layuka ne jere, duk da manyan baƙaƙe: ^AN [WARYA. JAN !AWO. MAI ^AN WUYA. A gefe ga sunan wani manomi, ^ANLADI.

"Injiniyoyinmu sun ce tef ɗin ne ya ci ƙura," in ji ta.

Kalilu ya matso da fuskarsa, ya karanta kamar mai karanta wasiƙar gida. "Ɗan Ƙwarya. Jan Ɓawo, dawa ce wannan, ta wajen Baure. Mai Ɗan Wuya. Allah ya jiƙan Ɗanladi, na san shi, gurgu ne." Ya ɗago. "Ba ƙura ba ce, 'yata, ƙugiya ce. Amma ba waɗannan muka sa ba. Mu fartanya muka sa, wa ya ɗora mana jinka? Kuma me ya sa ɓ take ihu?"

Ya sauko daga benci ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana alamominsa uku da yatsa, kowace da harafinta a gefe. Firdausi ta tsaya tana kallon ƙasar nan, ta daɗe. Can sai ta dafe goshi.

"Jadawali ne! Baba, ai na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani."

"Gidaje ɗari biyu da hamsin da shida," in ji Kalilu. "Kowane harafi da gidansa. An koya mana."

"To jadawalin da ke faɗin wa ke zaune a wane gida ba ɗaya ba ne. Na'urarku ta yi aiki da mai lamba talatin da bakwai. Mu da muka zo juyewa, sai muka karanta da mai lamba ɗari biyar. A da B da sauran baƙaƙe gidansu ɗaya a duka biyun, shi ya sa ba wanda ya lura. Amma gida na saba'in da huɗu, a naku c mai sanda ce a ciki, a namu wannan rabin akwatin ne."

Sylvanus ya ce, "Kamar rumfa ta bakwai. A kasuwar Daura albasa ake sayarwa, ka je rumfa ta bakwai a Mai'aduwa ka tarar da igiya."

"Haka ne wallahi, Baba."

"Kin gani? Ni ne mai kwakwalwar, shi barci kawai ya iya."

Tana da asalin bayanan sunayen nan da suka lalace yadda suka fito daga tef, ba a taɓa su ba. Ta sake juya su da jadawalin da ya dace, sai ga jinka ta koma fartanya, ihu ya koma sanda, rabin akwati ya koma c. Sannan ta gaya wa kwamfutar ta maye gurbin kowace da harafinta na gaskiya, don ta yanzu ta san su duka. Kalilu yana kallo layukan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, Ƙ da Ɗ da Ɓ, kowanne da ƙugiyarsa a ka, kamar mutanen da suka daɗe a duƙe cikin gona aka ce su tashi an kawo fura. Shekara arba'in yana ganinsu a wutsiyar akuya, yau ga su a gilashi. Ɗari uku da goma sha biyu, ba wanda ya ragu.

Sai a sannan ya ce, a hankali, "'Yata, duba mini guda ɗaya. Ƙare-yunwa. Talatu ce ta bayar, ƙasar Baure. Mahaifiyata ce."

Ta buga. Babu. Ta buga Talatu, guda huɗu suka fito, biyu dawa, ɗaya wake, ɗaya maiwa daga Dutsi. Ta bi layukan da yatsa tun daga sama har ƙasa, Kalilu yana bi tare da ita, leɓensa na motsi. Babu.

"Duk sunan da ke da ƙ dole yana cikin waɗannan," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "In ba ya nan, ko dai ba a shigar da shi ba tun farko, ko yana cikin waɗanda suka mutu aka cire tun da daɗewa. Ka yi haƙuri, Baba."

Kalilu ya gyaɗa kai. Ya koma bencinsa, ya cire hular ya mayar kan gwiwa. Ya ce ba komai, dama ya riga ya yi masa ta'aziyya tun tuni, yau dai ya sake yi. Ya rufe ido, amma gayaunar ba ta zo ba, sai jan hasken rana a bayan fatar ido.

Sylvanus yana tsaye riƙe da wata sarƙar babur, yana ta juya ta. Can ya ce, "Mai Kugiya."

Ya matso kusa da bencin.

"Mai Kugiya, ranar da fom ɗin Inna ya zo, kana ina?"

"Ina zan tuna?"

"Ni na tuna. Ka tafi gida sunan 'yarka ta fari. Ka bar mini takarda a kan tebur, ka ce na Inna yana cikin waɗannan, in buga da kyau. Wanda ya cike fom ɗin da fensir ya rubuta, ba kugiya ko ɗaya. Sai na yi abin da ka ce. Na sa yatsa a nan," ya taɓa maƙogwaronsa, "na ce kare. Bai yi tsalle ba. Na sake cewa kare. Ko motsi. Har na yi dariya ni kaɗai, na ce Inna ta sa wa geronta sunan kare."

Kalilu ya buɗe ido ɗaya. "Silba. Maƙogwaron wa ka taɓa?"

"Nawa mana, na wa zan taɓa?"

"Maƙogwaron da shekara arba'in bai taɓa faɗin ƙ ba?"

"To kai ka ce in taɓa, ba ka ce in ari na wani ba!"

Firdausi ta riga ta ciro waya. In babu ƙugiya a sunan, to babu alamar da za ta lalace, ke nan yana cikin dubu taran da suka wuce lafiya, waɗanda ba ta ma taho da su ba. Ta kira Jafaru, abokin aikinta mai kula da ɗakin sanyi, ta ce ya buga kare da k ta Turanci. Ta sa wayar a fili kowa na ji. Aka ji ƙarar madannai, aka ji Jafaru ya yi tari.

"Akwai. KARE YUNWA, gero, Talatu, Baure, 1982. Bari in duba shiryayye." Takunsa ya yi nisa, wata ƙofa mai nauyi ta buɗe ta rufe. Wani mai babur ya tsaya yana neman birki, Sylvanus ya ɗaga masa hannu ya jira. "Ambulan yana nan," in ji Jafaru. "Amma Hajiya, sau ɗaya aka taɓa shuka shi aka sabunta irin, ya fi shekara ashirin. Ba zan rantse yana da rai ba."

Kalilu ya rufe fuska da hularsa. Kafaɗunsa suna motsi, ba a san ko dariya ba ce ko ɗayan. Da ya sauke hular sai ya ce, "A gyara sunan. A sa masa ƙugiyarsa."

"A bar shi!" in ji Sylvanus. "Ai nawa ma gaskiya ne. Ba kare mutane yake daga yunwa ba?"

"Ɗazu ka ce kare mai haushi."

"Ɗazu ɗazu ne."

Firdausi ta ce za ta rubuta na Inna a gidan suna, na Baba Sylvanus kuma a gidan ƙarin bayani, kowa ya huta.

Sati uku bayan nan, an yi ruwan farko da kwana biyu, direban motar Kaduna ya kawo ɗan ƙaramin ambulan mai ƙyalli. Ƙwaya arba'in ce a ciki, cibiyar ta riƙe sauran. Kalilu ya zuba su a tafin hannu, ga duhun nan nasu kamar hadari, sun dai ƙanƙance. Bai yarda ya jefa su ƙasa haka nan ba. Ya jiƙa tsumma mai tsabta, ya jera su a kai layi biyar, ya lulluɓe, ya sa a ƙwarya a ƙarƙashin gadonsa. Kwana na farko bai buɗe ba. Na biyu ya buɗe, suna nan yadda ya sa su, sun ɗan kumbura. Na uku bai je benci ba, Sylvanus ya aiko a tambaya ko lafiya, ya ce a ce masa yana jinya.

Da safiyar kwana na huɗu, bayan ya dawo daga masallaci rana ta ɗan fito, ya ɗauko ƙwaryar ya kawo tsakar gida ya ɗaga tsumman. Wasu sun yi baƙi sun ruɓe. Wasu suna nan shiru. Amma nan da can ga wani farin zare, siriri kamar gashin jariri, ya fasa ƙwaya ya leƙo. Ya ƙirga da tsinke. Tara. Ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, tara dai.

A bayan ɗakinsa ya shuka su, rami tara, kowanne da taki cikin cokali. Yana cikin rufe na ƙarshe ya ɗago ya ga kajin maƙwabta sun jeru a kan katanga suna kallonsa da ido ɗaya-ɗaya. Kafin hantsi sai ga Sylvanus ya turo baro, tsofaffin tayoyin babur tara a ciki da wani yagaggen gidan sauro. Suka kewaye kowane rami da taya, suka yanka gidan sauron suka rufa a kai, suna gardama a kan wa ya iya ɗauri. Da suka gama Sylvanus ya karkaɗe hannu ya ce zai koma shago.

Kalilu ya ce ya je, shi yau a nan zai zauna. Ya jawo turmi ya kifa, ya zauna a kai yana fuskantar katanga, da 'yan tsakuwa a hannu.